JIRGIN ƘASA KO A FASA

Shafi na 14

Masu cewa na cika jan rai, na ga saƙonninku. Wata har ta rantse in Hajiya Delu ba ta hau jirgi a wannan shafin ba ta daina karatu. 'Yar'uwa, ni da nake rubuta ta ma na gaji da ita, sai dai mu yi haƙuri tare.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: Hajiya Delu ta unguwar Kwarbai ta samu biza za ta je Turai ganin 'ya'yanta biyu. Babban, Sadiƙu, injiniya ne a Stockholm, babban birnin Sweden. Hafsat kuma tana aure a Copenhagen ta ƙasar Denmark, wata biyu ke nan da haihuwarta. Hajiya za ta sauka gidan Sadiƙu ta yi kwana goma, daga nan ta wuce wurin mai jego. Komai ya kammala, saura abu ɗaya tak: da wane jirgi za ta tashi daga garin wannan zuwa garin waccan.

*

Ranar Asabar bayan azahar Salma ta yi sallama a tsakar gidan, fuskar nan a murtuke. Zuwanta na uku ke nan a sati ɗaya kan magana ɗaya. Ta baro wanki a jiƙe a gidanta na Ƙofar Doka, Asabar ɗin kuma ita kaɗai ce ranar da ba ta zuwa ofis a unguwar Kongo. Amma ita ce auta, ita ce a kusa, don haka duk wata rigimar gidan a kanta take sauka.

Ta tarar da Hajiya a ɗaki zaune kan tabarma, ta baje daddawa tana ƙullawa a leda. Ko gaisuwa ba su gama ba Hajiya ta sanar da ita cewa Goggo Hajo ta aiko, tana nan tafe da la'asar da alkakin da ta sa aka yi wa ɗanta.

A nan sai na tsaya na yi wa 'yan zamani bayani, don na san wasu za su ce wane ɗan kuma. Sadiƙu ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi Goggo Hajo, yayar mahaifinsu marigayi, ta goya shi ta tafi da shi gidanta, a can ya tashi, ita yake ce wa Inna. Hajiya Delu kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Shekararsa arba'in da huɗu, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan Yaya Hajo take cewa, in rai ya ɓaci kuma ta ce wancan. Akwai wani mai kayan miya a bakin layi da ya yi rashin sa'a sunansa Sadiƙu, shekara goma tana sayen tattasai a wurinsa tana kiransa mai tumatir. In Sadiƙu ya shigo ɗaki ta kau da kai, in ya bugo waya ta miƙa wa na kusa.

To wannan na kusan ita ce Salma. Tafinta tsakanin mutum biyu da duk Hausa suke ji.

Wayar ta yi ƙara. Salma ta buɗe murya ta ajiye ta kan tabarma a tsakaninsu.

Sadiƙu ya gaida Hajiya. Hajiya ta dubi bango ta amsa wa bangon. Sannan ya shiga bayani, karo na nawa ban sani ba, a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya karatu. Jirgin sama awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Shi zai kai ta filin jirgi da kansa, ma'aikata su ɗora ta a keken turawa har bakin kujerarta, a can kuma su tura ta har hannun mijin Hafsat. Ba ta buƙatar Turanci, ba ta buƙatar kowa. Jirgin ƙasa kuwa awa biyar ne da ɗoriya, wani lokacin ma sai an sauka a hanya an canza wani. Ba za a saki tsohuwa ita kaɗai a ciki ba, dole wani ya raka ta, wanin nan kuma shi ne. Zuwa da dawowa ya cinye masa yini guda cur, a satin da aiki ya sha masa kai.

Salma ta juya. "Umma, kin ji."

"Ce masa jirgin ƙasa."

"Yaya, ka ji."

"Na ji. Tambaye ta dalili."

Salma ta lumshe ido ta buɗe. Dalilan Hajiya ai ta haddace su. Ranar Litinin cewa ta yi jirgin sama yana toshe mata kunne. Matar da ta je Makka sau biyu, wadda kuma a sama za ta bar Abuja ta yi yini guda kafin ta isa can ɗin. Da aka tuna mata sai ta ce wancan dole ne, wannan kuwa ganganci. Ranar Laraba ta ce kaya ne, a jirgin sama ana auna wa mutum kaya kamar mai sayen gero, za su zubar mata da kuka da busasshiyar kuɓewar mai jego. Sadiƙu ya ce zai aika kayan daban, su riga ta isa. Sai ta bar maganar, Salma har ta yi hamdala ta koma gida.

"Umma, wai dalili."

"Gonakinsu nake son gani."

Salma ta saki baki. Daga cikin wayar aka ji Sadiƙu ya ja dogon numfashi, ya ce a gaya mata a watan da za ta zo babu gona, ƙanƙara ce ta rufe ko'ina, kuma tun wajen ƙarfe uku na rana gari yake duhu.

"Ce masa ƙanƙarar nake son gani."

Wallahi da ni ce Salma da na ɗauki jakata. Amma ita sai ta gwada bin ta wata hanyar, ko a samu a rabu lafiya. Ta ce wa yayanta ita fa Hafsat ta ce bambancin ba shi da yawa. Filin jirginsu yana bayan gari, in aka haɗa tafiya can da layin bincike da zaman jira, a sauka kuma a jira kaya, sai a tashi da kusan awa huɗu. Jirgin ƙasa kuwa daga tsakiyar gari yake ɗauka ya ajiye a tsakiyar gari.

"Gaskiyar Hafsat ne," in ji Sadiƙu. "Amma awa huɗun nan ba sa buƙatata."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a kan ledar da take ƙullawa. Salma ba ta lura ba, hankalinta yana kan wayar.

"Yaya, yini ɗaya ne fa."

"Salma, kashe muryar nan, da ke zan yi magana."

Ba ta kashe ba. Ta gaji da ɗaukar magana daga nan ta sauke a can tana rage mata kaifi a hanya. Yau kowa ya ji da kunnensa.

"Na kashe," ta ce.

"Ke kin san yadda kwana goman nan za su kasance. In shigo falo ta tashi ta shige ɗaki. Matata Radiya ce za ta koma 'yar aike, je ki tambayi Hajiya me za ta ci, je ki ce wa mijinki an gode. A gidana, a gaban 'ya'yana. Na yarda, na saba, al'ada ce. Amma a ce in bar aikina in zauna awa biyar kusa da matar da ko sannu ba za ta ce mini ba? In yi me, in ƙirga bishiyoyi?"

"Yaya..."

"Ranar da zan bar Nijeriya na zo sallama, kina nan. Ta ce wa Inna a ce mini Allah ya kiyaye hanya. Ina tsaye a gabanta. Ban taɓa yin ƙorafi ba, yanzu ma ba ƙorafi nake ba. Wurin Hafsat za ta, ni hanya ce kawai. To hanya mai sauƙi nake nema mata. Da an kira la'asar a wurinku zan yanki tikitin sama, magana ta ƙare."

Ya kashe.

Hajiya ta ci gaba da ƙulla daddawarta kamar ba da ita aka yi ba. Ta ƙulla ɗaya, ta ƙulla biyu, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in dai jirgin sama ne a fasa tafiyar gaba ɗaya.

Nan fa Salma ta kai maƙura. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba, amma ta zazzage duk abin da ke cikinta. Ta tuna mata zuwa Abuja sau uku neman biza, da ranar da suka yini a layi Hajiya na cewa a koma gida ƙafarta ta kumbura. Ta tuna mata hoton fasfo da aka ɗauka sau huɗu saboda ta ƙi ɗaga kallabi daga goshi. Ta tuna mata Hafsat da ke can ita kaɗai da jariri a ƙasar da ko mai miƙo mata ruwan zafi babu, kullum tana kuka a waya tana ƙirga kwanaki.

"Duk wannan a zubar saboda ƙanƙara, Umma? Ki faɗa mini gaskiya, in rigima kike so da shi ki yi abinki, ki cire ni a ciki. Ni ma ina da gida."

Hajiya ta jawo wata leda. Salma ta tashi ta ɗebo ruwa a randa ta sha, ta ciko kofin ta dawo. Duk fushinta ba ta iya sha ta hana uwarta ba. Ta tsaya ta gefen hagun Hajiya ta miƙa mata.

Hajiya ba ta karɓa ba.

Salma ta ɗauka fushi ne, ta ƙara matso da kofin har ya kusa taɓa mata kunci. Ko gezau. Idon Hajiya a buɗe, tana ta laluben bakin leda.

"Umma, ga ruwa."

Hajiya ta zabura. Ta juyo da kanta gaba ɗaya, har da kafaɗa, kafin ta ga kofin. Da ta kai hannu kuma sai ta kama iska, a karo na biyu ta same shi.

Salma ta zuba mata ido. Ta durƙusa a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Umma."

Hajiya ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Da ta buɗe baki kuma, a sanyaye ta yi maganar, kamar labarin wata take bayarwa. Na hagun ya tafi tun kafin azumi. Na daman yana nan, amma gefe da gefe duk ya rufe, sai tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Hawan jinin ido ne. Ranar da suka je asibiti, da Salma ta fita karɓo magani, likitan ya gaya mata gaskiya: maganin ɗigawa yana rage masa gudu ne kawai, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ita ta roƙe shi kada ya faɗa wa yarinyar.

Haushi da tausayi suka haɗe wa Salma, ta rasa wanda za ta fara fitarwa. Wata bakwai tana ɗiga mata magani safe da yamma in ta zo, tana mata faɗan ta cika ɓarin shayi.

"Nuna mini hoton nan," in ji Hajiya.

"Wane hoto kuma?"

"Na Hafsat da mijinta. A jirgin."

Sai a lokacin Salma ta tuna. Ranar Lahadin da ta wuce Hafsat ta turo wani tsohon hotonsu a jirgin ƙasa, ita a kujera, mijin a kujerar da ke fuskantarta, ɗan tebur a tsakani da kofunan shayi. Tun ranar Hajiya ta sa aka buɗe mata shi ya fi sau biyar. Washegari ta fara maganar kunne.

Ta buɗe ta ba ta. Hajiya ta kai wayar dab da idonta na dama.

"Kujerun nan kallon juna suke yi."

"Wasu daga ciki, e."

"Awa biyar aka ce."

"Umma, me kike son ce mini?"

"Ban san fuskarsa ba, Auta."

Salma ta matso kusa da ita.

"Ƙeyarsa na sani. Ita nake kallo in ya juya zai fita. Na san tafiyarsa, yana jan ƙafar dama irin ta babanku. Tun yana rarrafe in na kalle shi sai a yi mini dariya, a ce Delu ba ta da kunya. Shekarata goma sha bakwai, a gidan surukai. Sai na daina. Da na daina kuma aka yi ta yabona, har ana kawo amare su ga yadda ake yi. To ta ina zan koma?"

"Ga hotunansa nan cike da waya."

"Hoto ba ya motsi. Ina so in ga yadda yake tauna abinci. In ga ko yana da furfura a gemu, Hafsat ta ce yana da ita." Ta ajiye wayar. "A gidansa akwai matarsa, akwai yara, kullum kuma sai sun kira Yaya Hajo a bidiyo. A jirgin nan kuwa babu wanda ya san ɗan fari ne. Turawa ba ruwansu. Zai zauna can, in zauna nan, ya yi ta ƙirga bishiyoyinsa. Ni ba sai ya ce mini komai ba."

Hawaye suka zubo wa Salma, amma ku yarda da ni, har a lokacin haushi bai sake ta ba. Sati guda ana wahalar da ita da kunne da kuɓewa da ƙanƙara, ashe maganar ba ta fi jimla ɗaya ba. Ta ce bari ta kira shi yanzu ta gaya masa komai, ta tabbata ko jirgin raƙumi ne zai hau.

Hajiya ta riƙe mata hannu da ƙarfin da Salma ba ta san tana da shi ba. Ta ce in ta kuskura ta faɗi maganar ido ba ta yafe ba. In ya ji, kwana goman a layin asibiti za su ƙare, daga wannan likita zuwa wancan, yana tsaye a kanta da takardu. In ma ya hau jirgin, don tausayi zai hau.

"Ba tausayi nake nema ba."

"To me zan ce masa?"

"Ce masa jirgin ƙasa."

Salma ta dube ta, ta dubi rufin ɗaki. Daga masallacin unguwa aka ji an taɓa lasifika, ladan yana gyaran murya.

"Wallahi Umma na ajiye aikin nan. Shekara goma sha biyu ina kai magana ina kawowa. Kin ji abin da ya ce da kunnenki, shi a wurinsa hanya ce kawai shi. In na sake ce masa jirgin ƙasa, tikitin sama zai yanka, kuma bai yi laifi ba."

"Auta."

"Ba zan faɗi maganar ido ba, na yi alkawari. Amma ba zan ƙara faɗin komai ba."

Ladan ya ɗaga murya. Salma ta danna kira, ta buɗe muryar, ta kamo tafin hannun mahaifiyarta ta ɗora wayar a ciki. Sannan ta ja baya ta jingina da bango ta harɗe hannuwa.

Bugu biyu ya ɗauka.

"Salma, ina jin kiran sallarku. Na cike komai, saura in danna. Me ta ce?"

Shiru.

"Salma? Kina jina?"

Hajiya ta juyo da kai gaba ɗaya tana neman Salma. Salma ta girgiza kai, hawaye na bin fuskarta, ta ƙi buɗe baki.

"To shi ke nan. Na danna, ki gaya mata..."

"Sadiƙu."

A shaƙe sunan ya fito daga bakin Hajiya, kamar an daɗe da ajiye shi ya yi tsatsa.

Can ɓangaren babu ko numfashi. Salma har ta leƙa ta ga ko layin ya yanke. Bai yanke ba, daƙiƙu suna ta tafiya.

"Hajiya?" Muryar ba irin ta ɗazu ba ce. "Hajiya, ke ce?"

"Ni ce."

"Me kika ce?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Sake faɗa."

Ta ɗago. Leɓɓanta suka buɗe.

Sai aka ji sanda ta daki dokin ƙofa. Labulen a ɗage yake, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Goggo Hajo ce tsaye ta gefen hagu, inda Hajiya ba ta gani, kwanon alkaki a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ko sallama ba ta yi ba.

"Delu," ta ce a hankali. "Sunan wa na ji a bakinki?"

Hajiya ta daskare, ba ta juya ba. Daga tafin hannunta muryar mutum mai shekara arba'in da huɗu ta sake fitowa, tana rawa.

"Hajiya, ban danna ba. Don Allah, sau ɗaya kawai."